Rauta tana kira, modem yana haɗuwa, amma layi na yankewa: yaya ake sa CHAP ta ɓangare ɗaya?

Sadiq_Sharada:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sanin PPP, wato ƙa'idar haɗa na'ura biyu kai tsaye ta layi ɗaya, ku taimaka min. A kamfanin da nake aiki akwai ofishin sikeli a bakin get inda ake auna manyan motoci, yana da nisa da babban ofis, rediyo ne ke haɗa su amma idan aka yi iska ko ruwa sai ya ɗauke, motoci su yi layi har titi. To akwai tsohuwar wayar tarho ta cikin gida da ta tafi can ta ƙarƙashin ƙasa tana kan PABX ɗinmu, wato akwatin da ke rarraba lambobin tarho na cikin kamfani, shi ne oga ya ce a yi amfani da ita a matsayin madadi. Ina da rauta Cisco 1841 da katin modem WIC-1AM a ofishin sikelin, ita ce za ta riƙa kira, a ɗaya ɓangaren kuma saba ce ta Linux da modem na waje, masu manhajar sikelin ne suke kula da ita ba ni da ikon shiga. Sun ba ni suna da fasuwad suka ce CHAP ne, wato hanyar tantance wanda ya haɗu ba tare da aika fasuwad ɗin a fili ba. Ga abin da na sa:

interface Async0/0/0
 encapsulation ppp
 dialer in-band
 dialer string 214
 dialer-group 1
 async mode dedicated
 ppp authentication chap

Kira yana tafiya, ina jin kukan modem har su daidaita, bayan 'yan daƙiƙu sai ya yanke. Na kira mutanen suka ce wai rautata ce ke tambayar sabarsu fasuwad kuma su ba su saita hakan ba, in mayar da ita ta ɓangare ɗaya. Yaya ake yin hakan?

Abba_CCNA:
Wa alaikumus salam. Yaya Sadiq ai CHAP dole sai ɓangare biyu, haka aka koya mana, kowace rauta ka sa mata username na ɗayar da fasuwad iri ɗaya. Ka ce musu su gyara nasu kawai.

Injiniya_Bature:
Abba ba haka ba ne ƙanena. Abin da kake gani a lab ɓangare biyu ne saboda kun rubuta ppp authentication chap a rauta biyun, amma a asali CHAP ɗin kanta hanya ɗaya take bi: mai tambaya ya aiko da Challenge, wanda ake tambaya ya mayar da Response, sai mai tambaya ya ce Success ko Failure. Idan ka ga biyu to tantancewa biyu ce daban daban kowacce da tata tafiyar. Haka yake a takardar ƙa'idar CHAP, RFC 1994, tun shekarar 1996.

Malam Sadiq, layin nan naka na ƙarshe ma'anarsa “duk wanda na haɗu da shi sai ya gaya min ko shi wane ne”, ba ma'anarsa “zan ba da fasuwad ɗina” ba, nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Canza shi zuwa:

 ppp authentication chap callin

Da wannan rautar za ta tambayi wanda ya kira ta ne kawai, idan ita ce ta yi kiran ba za ta tambayi kowa komai ba, amma za ta amsa idan an tambaye ta. Kafin ka canza ka kunna debug ppp negotiation ka turo mana abin da ya fito mu tabbatar.

Sadiq_Sharada:
Na gode Injiniya. Ga shi kafin in taɓa komai, na yanko inda yake ta maimaituwa:

As0/0/0 PPP: Treating connection as a callout
As0/0/0 LCP: O CONFREQ
As0/0/0 LCP: AuthProto CHAP (0x0305C22305)
As0/0/0 LCP: I CONFREJ
As0/0/0 LCP: AuthProto CHAP (0x0305C22305)

haka yake ta yi har ya gaji ya ajiye waya

Injiniya_Bature:
Yauwa, mutanen sun faɗa maka gaskiya. O ɗin nan abin da ya fita daga wajenka ne, I kuma abin da ya shigo, CONFREQ buƙata ce, CONFREJ kuma ƙin amincewa. Kai kana cewa sai an yi maka CHAP, sabar tana cewa ba za ta yi ba, kai kuma ka ƙi sauka daga kan maganarka, to LCP, wato matakin farko na daidaita layin, ba zai taɓa buɗewa ba, ko maganar fasuwad ma ba a kai ba tukuna. Sa callin ɗin.

MalamLinux:
Ƙarin bayani daga ɓangaren sabar, kusan tabbas pppd ce, manhajar PPP ta Linux, take gudana a can. Ita pppd idan ɗaya ɓangaren ya nemi ta gabatar da kanta sai ta duba /etc/ppp/chap-secrets ta ga ko akwai layin da sunanta yake a gurbin farko, idan babu sai ta ƙi zaɓin baki ɗaya, shi ne CONFREJ ɗin da ka gani. Tsarin fayil ɗin gurbi huɗu ne, sunan mai amsawa, sunan mai tambaya, sirrin, sai adireshin IP da aka yarda a ba shi. Su sun rubuta maka layi ɗaya ne wanda kai ne a farko, shi ke nan.

Nura_Mikrotik:
Ni fa ban gane wahalar ba, me ya sa ba zai goge layin ppp authentication ɗin gaba ɗaya ba? ai ko babu shi rauta tana amsa challenge. ni a PPPoE, wato PPP ta kan kebul na Ethernet, haka nake yi wa kwastomomi masu Cisco kuma yana tafiya lafiya

Injiniya_Bature:
Nura zai yi aiki, gaskiya ne, amma duba inda rautar nan take. Tana kan lambar cikin gida ta PABX, duk wanda ke da tarho a kamfanin zai iya buga lambar, idan modem ɗin yana ɗaukar kira kuma babu tantancewa ko kaɗan to duk mai tsohuwar laptop da modem ya shiga netiwok ɗin sikeli ba tare da an tambaye shi komai ba. Callin tana rufe wannan ƙofar kuma ba ta hana kiran fita. A PPPoE na kwastoma babu mai kiran shi shi ya sa ba ka ga bambanci ba.

Sadiq_Sharada:
Alhamdulillah an ci gaba amma ba a ƙarasa ba. Yanzu LCP ya buɗe, sai ga wannan:

As0/0/0 LCP: State is Open
As0/0/0 PPP: Phase is AUTHENTICATING, by the peer
As0/0/0 CHAP: I CHALLENGE id 1 from "store01"
As0/0/0 CHAP: Unable to authenticate for peer

kuma wlh na sa fasuwad ɗin daidai yadda suka ba ni, username SABA secret sannan kalmar

Ummu_Hanan:
Malam Sadiq matsala biyu ce a layin nan ɗaya da ka rubuta. Ta farko, dubi sunan da ya zo cikin challenge ɗin, store01 ne ba SABA ba, ita kuwa rauta da sunan da ya zo mata take neman fasuwad a cikin jerin username ɗinta, harafi da harafi, babba da ƙarami duk tana bambantawa. Ta biyu, secret ba ya aiki da CHAP. Dalili shi ne rautar tana buƙatar ainihin kalmar a hannunta domin ta haɗa ta da lambar id da bazuwar lambar da ke cikin challenge ta fitar da MD5, wato niƙaƙƙiyar lambar da za ta aika a matsayin amsa, shi kuwa secret an riga an niƙa shi ba a iya dawo da shi. Sai dai password. Mafi sauƙi ka rabu da username ɗin ka sa waɗannan a kan intafes:

 ppp chap hostname sunan-da-suka-ba-ka
 ppp chap password kalmar

hostname ɗin yana da muhimmanci don in ba ka sa ba rautar za ta aika da sunanta na kanta wanda ke jikin prompt, su kuma ba shi suka rubuta a fayil ɗinsu ba.

Abu ɗaya da na so a lura da shi, “by the peer” ɗin nan shi ne shaidar callin ta kama. Idan ka ga “by this end” kai ne mai tambaya, idan “by both” kuna tambayar juna.

Abba_CCNA:
Anti Ummu to idan password aka sa ba secret ba ai duk wanda ya yi show run zai ga kalmar a fili ko?

Ummu_Hanan:
Zai gani. Ka sa service password-encryption zai rufe ta da nau'in 7, amma wannan rufin daga idon mai leƙe ne kawai, ana warware shi cikin sauƙi. Don haka kar a yi amfani da kalmar da ake amfani da ita a wani waje, kuma kar a riƙa tura konfig a WhatsApp da layin a ciki.

Kawu_Telecom:
Kai jama'a, yau kun tuna min da zamani. Ni na yi aikin nan lokacin da intanet ɗinmu ta layin NITEL take zuwa, kafin GSM ta shigo a 2001, kai har bayan shigowarta ma an daɗe ana yi. Kafe guda da kwamfuta goma suna raba modem ɗaya, mai kafe yana zaune yana kallon agogo don kuɗin waya na tafiya. A wancan lokacin duk ISP, wato kamfani mai ba da intanet, ta ɓangare ɗaya take yi, kai ne za ka faɗi sunanka, ita ba ta gaya maka komai, kuma akasarin akwatunan karɓar kira na ISP idan ka tambaye su sai su ajiye maka waya kamar dai yadda aka yi wa Sadiq. Shi ya sa aka yi callin ɗin tun farko. Yaran yanzu suna ganin kamar wani sabon abu ne.

Sadiq ɗana, ka sani tun yanzu ba za ka samu 56k ba ko da an rubuta V.90 a jikin katin. Wannan gudun sai idan ɗaya ɓangaren yana kan layin dijital ne kai tsaye. Modem da modem ta cikin PABX iyakarka 33.6k, idan wayar ta sha ruwa a ƙasa ma ba za ka kai ba. Ka tambayi masu manhajar ko abin da take aikawa zai wuce ta wannan ƙaramar hanyar.

Sadiq_Sharada:
Kawu Allah ya ƙara girma, lambar mota da nauyi da lokaci ne kawai take aikawa, rubutu ne tsiraru, sun ce ya isa. Hajiya Ummu na sa layukan biyu, yanzu na ga O RESPONSE sai I SUCCESS, IPCP ya buɗe na samu adireshi, ping yana tafiya. Allah ya saka da alheri baki ɗaya.

Zee_Fiber:
Ina taya ka murna amma ni ban gamsu da tsarin ba sam, kuma ina mamakin yadda kowa ya wuce wurin. Yanzu rautarka ba ta san da wa take magana ba. Ta buga 214, duk wanda ya ɗauka ya ce mata Success ta yarda ta fara zuba masa bayanan sikeli. Wa ke riƙe da PABX ɗin? Wanda ya iya shiga saitinta zai iya karkatar da 214 zuwa wata lambar cikin minti biyu, ko ma mutum ya buɗe akwatin wayoyi ya sauya waya biyu. Kuma wannan sikeli ne fa, kuɗi ne, nauyin kaya ake biya a kai. Ni da ni ce sai na matsa wa kamfanin manhajar sun ƙara layi ɗaya a fayil ɗinsu an yi ɓangare biyu, MalamLinux ya riga ya nuna ba wani aiki ba ne.

Nura_Mikrotik:
Haba Zee, wa zai zauna ya haɗa sabar ƙarya da modem a 2020 da wani abu don ya saci nauyin tirela, ai kafin ya samo modem mai aiki ma ya sha wuya. duk duniya PPPoE ta ɓangare ɗaya ake yi miliyoyin mutane kuma ba a fasa ba

Zee_Fiber:
Nura miliyoyin mutanen nan abin da suke aikawa ta kan PPPoE ɗin yawancinsa HTTPS ne, ko an tare hanya ba a karanta shi. Ka tambayi Sadiq ko manhajar sikelinsa tana rufe bayananta. Na ga irin waɗannan manhajojin na masana'antu, da yawansu a fili suke magana da database.

Injiniya_Bature:
Maganar Zee tana kan hanya, kuma na so a raba abu biyu. Tantancewa daban, rufe bayanai daban. CHAP ko ta ɓangare ɗaya ko ta biyu ba ta rufe ko harafi ɗaya na abin da ke wucewa bayan an haɗu. Kamar mai gadi ne a bakin get, ya duba katinka ya bar ka ka shiga, amma ba ya bin ka ya ga abin da ka ɗauko. Ɓangare biyu zai hana sabar ƙarya, ba zai hana wanda ya ɗora kansa a tsakiyar waya ba, duk da cewa sauraron modem biyu suna magana ba ƙaramin aiki ba ne. Mai son a rufe sai ya ɗora IPsec a kai, ita kuma za ta ci wani abu daga cikin 33.6 ɗin da Kawu ya faɗa, ga kuma sai IOS, wato manhajar 1841 ɗin, yana da ɓangaren tsaro.

Sannan akwai abin da sabar ƙarya take samu ko a CHAP: ita ce ta zaɓi challenge, ta karɓi response, to tana iya komawa gefe ta yi ta gwada kalmomi har MD5 ɗin ya yi daidai. Idan fasuwad ɗin gajere ne irin sunan kamfani da shekara ba zai daɗe ba. Sadiq idan abin da suka ba ka gajere ne ka roƙe su a canza shi zuwa dogo mai gauraye, ba mutum ne zai riƙa buga shi kullum ba balle a ce wuyar haddacewa.

DanMaradi227:
Salamu alaikum mutanen Najeriya, ina biye da ku daga Maraɗi. Ni tambayata a kan PAP ce, wato ɗaya hanyar tantancewa ta PPP, nan wajenmu na taɓa haɗa rauta da wani mai ba da rezo, wato netiwok, shi PAP kaɗai yake karɓa, na sa ppp authentication pap callin da ppp pap sent-username kuma ya kama. Shin laifi ne? don na ji kuna ta CHAP CHAP

Ummu_Hanan:
Wa alaikassalam Malam. Yadda ka saita daidai ne, haka ake yin ta ɓangare ɗaya a PAP, sent-username ɗin shi ne abin da kake miƙawa, callin kuma ta hana ka tambayar su. Illar PAP ita ce suna da fasuwad suna tafiya a fili, ka kama fakiti da Wireshark a kan PPPoE za ka gan su ƙuru-ƙuru. Idan mai rezon bai da wani zaɓi ba yadda za ka yi, sai dai ka tabbata kalmar ba ta buɗe komai sai wannan layin. Cisco ma idan ka sa suna da kalmar PAP iri ɗaya da waɗanda ke aiki a CHAP a rauta guda tana fito maka da gargaɗi cewa ramin tsaro ne.

MalamLinux:
Tunda an zo nan, Sadiq ka ƙara ppp pap refuse a intafes ɗinka. Sabar ƙaryar da Zee take magana ba sai ta wahala da MD5 ba, cewa za ta yi ita PAP take so, rauta ta miƙa mata kalmar a fili.

Injiniya_Bature:
MalamLinux a nan zan ɗan gyara maka. Rautar ba ta ɗaukar ppp chap password ta aika ta PAP, sai an rubuta sent-username take da abin aikawa, shi kuma Sadiq bai rubuta ba. Sa refuse ɗin ba laifi, yana kare ka daga ranar da wani zai zo bayanka ya ƙara layin, amma a yadda konfig ɗin yake yanzu babu abin da zai fita. Waɗanda abin ya shafa su ne masu kwafo konfig na PPPoE daga intanet mai ɗauke da chap da pap duka biyu da kalma ɗaya, waɗannan kam an buɗe ƙofa.

MalamLinux:
Na karɓa Injiniya, ni pppd ce a kaina, a can refuse-pap nake sawa kullum saboda mutane suna kwafe layi ɗaya su zuba a chap-secrets da pap-secrets duka.

Nura_Mikrotik:
a Mikrotik ma haka ne pppoe-client yana zuwa da pap chap mschap1 mschap2 duk a kunne, kuma suna da fasuwad guri ɗaya ne, to can kam gara mutum ya cire alamar pap ɗin idan ISP ɗinsa na karɓar chap

Abba_CCNA:
To ni yanzu ina so in gwada abin nan da hannuna amma ba ni da modem ba ni da PABX, a GNS3, manhajar kwaikwayon rauta, zan iya? Kuma gaskiya a karatun da muke yi yanzu ban ga PPP sosai ba, a tsofaffin bidiyo na gan shi.

Ummu_Hanan:
Abba an cire saitin PPP daga jarrabawar CCNA ta Cisco tun da aka koma 200-301 a Fabrairun 2020, ISDN kuwa, wato layin tarho na dijital, ta riga shi fita da daɗewa, shi ya sa. Amma ka koya, duk inda ake PPPoE shi ne a ciki. A GNS3 ka haɗa rauta biyu da serial, encapsulation ppp a duka, R1 ka sa mata ppp authentication chap da username R2, R2 kuma kar ka sa mata authentication, ka ba ta ppp chap password kawai. Ka kunna debug ppp authentication ka yi shut da no shut ka kalla. Abin lura, a serial babu mai kira babu wanda aka kira, debug zai ce maka “Treating connection as a dedicated line”, don haka callin ba ta da alƙibla a can sai ka gaya mata da ppp direction callin ko callout. Idan kana son ganin callin a yanayinta na gaske ka haɗa PPPoE, ɗaya saba da virtual-template ɗaya kuma kwastoma da interface Dialer, ka tuna mtu 1492.

Kuma kar ka bar rauta biyun da suna ɗaya, idan challenge ya zo mata da sunanta za ta yi watsi da shi.

Kawu_Telecom:
Wannan watsin da take yi da gangan ne 'yata, kuma ya shafi gardamar Zee. Idan sirri ɗaya ne a ɓangare biyun, maƙetaci zai iya karɓar challenge ɗinka ya juyo maka da shi a matsayin nasa, ka amsa, ya ɗauki amsarka ya mayar maka. Ita RFC ɗin ma ta ja kunne a kan amfani da sirri ɗaya ta kowace fuska. To a Cisco yadda aka saba yi, username ɗin abokin haɗinka shi ne take dubawa ko za ta tambaya ko za ta amsa, ppp chap password sai idan ba ta sami sunan ba take komawa kansa, ka ga ɓangare biyun da ake yi a lab sirri ɗaya ne ke nan. Ba ina cewa kar a yi ba ne, ina cewa ba a ɗauka an gama tsaro don an ga “by both”.

A zamanin ISDN abin da muke ƙarawa shi ne duba lambar mai kira da kuma callback, reshe ya kira, hedkwata ta tantance shi ta ajiye, ta kira shi da kanta a lambar da ta sani. Kuɗin waya ya koma kan hedkwata, tsaro ya ƙaru. Layin BRI na ISDN tashoshi biyu ne na 64k da ƙaramar ta 16k ta sigina, haɗuwa cikin daƙiƙa biyu ko uku babu kukan modem. Wanda bai gani ba ba zai gane daɗin da muka ji ba.

Zee_Fiber:
Kawu na yarda ba a gama ba, amma rabin tsaro ya fi babu. Kuma akwai MS-CHAP v2 da ke tantance ɓangare biyu a tafiya ɗaya, pppd tana da shi.

MalamLinux:
Tana da shi amma tun 2012 aka nuna a taron DEF CON cewa ƙarfinsa bai wuce na makullin DES guda ɗaya ba, abin da ya kashe VPN ɗin nan ta PPTP ke nan. Ni ba zan tayar da kamfani su canza saba saboda shi ba. In dai za a taɓa sabar to a ƙara layin CHAP na biyu, sannan a sa chap-interval ta riƙa sake tambaya lokaci lokaci ba sau ɗaya a farko kawai ba.

Sadiq_Sharada:
Ina karantawa duka. Hajiya Zee na tambaya, manhajar ba ta rufe komai, kin yi gaskiya. Na yi wa masu sabar magana a kan ɓangare biyu suka ce sai an rubuto a takarda daga wajen oga kuma sai injiniyansu ya zo, don haka yanzu dai a haka za a tafi. Abin da na iya yi, PABX ɗin tana ɗakin saba a kulle kuma na canza mata lambar shiga saiti, akwatin wayoyi na bakin get na sa an saka masa kwaɗo.

Wata sabuwa kuma, layin yanzu ba ya sauka ko rediyo ya dawo, yana nan a haɗe har sai na yi clear da hannu. Wannan ma daga CHAP ɗin ne?

Injiniya_Bature:
A'a wannan ba ruwan CHAP. Turo dialer-list ɗinka, wato jerin irin fakitin da ke sa rauta ta yi kira ta kuma riƙe layi. Ina zargin dialer-list 1 protocol ip permit ka sa, wato kowane fakiti na IP yana sake tayar da agogon idle-timeout mai ajiye waya idan layi ya yi shiru, wanda asalinsa daƙiƙa 120 ne, idan akwai wani abu da ke magana duk rabin minti kamar NTP ko hello na routing ko kwamfutar Windows da ke ta surutu to ba zai taɓa cika ba. Ka ɗaura dialer-list ɗin a kan access-list da ta yarda da adireshin sabar da tashar manhajar kawai. Sannan ka duba hanyar da ka rubuta zuwa sabar ta kan Async, dole nisanta, wato administrative distance, ya fi na hanyar rediyo, misali ka sa 200 a ƙarshen ip route ɗin, in ba haka ba ko rediyo na nan ta waya za a riƙa bi.

Nura_Mikrotik:
kuma idan rediyon ya mutu amma kebul ɗinsa na nan a haɗe da rauta intafes ba zai sauka ba, hanyar farko ba za ta fita daga tebur ba, sai ya haɗa da ip sla da track masu gwada hanyar su cire ta idan ta mutu. wannan ya fi damuna a kan sabar ƙarya gsky

Zee_Fiber:
Duka biyun abin damuwa ne Nura. Sadiq ka rubuta takardar ka kai wa ogan ya sa hannu, ko wata uku za a ɗauka a fara yanzu, kuma ka rubuta a description na intafes ɗin dalilin da ya sa aka sa callin, don wanda zai zo bayanka kar ya ga kamar kuskure ne ya goge ta ya dawo da ku inda kuka fito.

DanMaradi227:
Malama Ummu na koma na tambayi mai rezon namu, ashe yanzu suna karɓar CHAP, shekarun baya ne ba sa yi. To idan zan canza, sai in goge sent-username ɗin in sa chap hostname da chap password, callin ɗin in mayar da ita ppp authentication chap callin, ko akwai wani abu kuma da zan taɓa a Dialer ɗin?

Sadiq_Sharada:
Injiniya haka ne, protocol ip permit ne a ciki. Gobe in sha Allah idan motoci sun yi sauƙi da rana zan gyara access-list ɗin in cire wa rediyon wuta in ga ko zai kira da kansa ya kuma sauka da kansa, zan turo debug dialer ɗin nan. Nura ka taimaka min da misalin track ɗin da kake magana, a 1841 ban taɓa yin sa ba.